Wa Ya Ba Tankar Mai Hanya ta Ƙofar Gidajenmu?

Gidanmu bai fi taku saba'in daga bakin kwalta ba. Tsakaninmu da titin akwai teburin mai shayi, da tukubar mai tsire, da wata baiwar Allah da ke tuyar awara tun la'asar har bayan isha'i, sai makarantar allo a ƙofar gidan maƙwabcinmu, inda almajirai ke hura wutar kara idan sanyi ya shigo. Duk waɗanda na lissafa da wuta suke hulɗa. Ta gabansu kuma tankokin mai suke wucewa dare da rana, wata na bin wata, wani lokaci ka hangi mai yana ɗiga daga ƙarƙashin guda, ya bar layi a kan kwalta har inda ido ya ƙure. Na girma ina ganin haka, ban taɓa ɗaukarsa komai ba, sai da aka wayi gari da labarin Majiya.

Daren Talata 15 ga Oktoban 2024 wata tanka da ta taso daga Kano za ta Nguru ta kife a garin Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura ta Jihar Jigawa. Man ya kwarara cikin magudanar ruwa, mutane suka fito da bokitai da jarkoki, can sai wuta ta tashi. Washegari aka haƙa dogon rami aka jera gawarwaki, da yawa ba a iya gane su ba. An kwashi masu rai zuwa asibitocin Ringim da Haɗeja da wasu garuruwa, aka yi ta rasa su ɗaya bayan ɗaya, har adadin ya haura 200. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wata uku kacal bayan nan, ranar 18 ga Janairun 2025, aka sake yin irinta a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja, a kan hanyar Abuja zuwa Kaduna. Tankar lita 60,000 ce ta faɗi, aka kawo janareta za a juye man cikin wata tankar, jama'a sun yi cincirindo, wuta ta kama. Kusan mutum 100 suka tafi.

Duk lokacin da aka yi irin wannan, magana ɗaya ce ke fita daga bakin manya da ƙanana: wa ya aike su? Me ya kai su ɗibar man da ba nasu ba? Ni ma na faɗa. Kuma gaskiya ce, ɗibar man tankar da ta faɗi cin dukiyar wani ne, sannan jefa kai ne cikin halaka, malamai sun yi bayani a kan mumbari kuma sun kyauta. Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Abin da ke damuna shi ne, da zarar an ɗora laifin a kan mamata sai maganar ta mutu tare da su. Babu mai sake tambayar yadda aka yi motar da ke ɗauke da abin da zai iya cinye rabin gari ta samu izinin bi ta tsakiyar garin, a lokacin da ta ga dama, da nauyin da ta ga dama, da murfin da ke ɓallewa da zarar ta karkata.

Ga kuma waɗanda ba su ɗebi ko cokali ba. A watan Satumban 2024, a hanyar Agaie zuwa Lapai, tanka ta yi karo da motar da ta ɗauko shanu da fasinjoji, aƙalla mutum 48 suka ƙone. A Felele da ke Lokoja, cikin Satumban 2020, tanka ta ƙwace da safe ta afka wa motoci da masu tafiya, mutum 23 suka rasu, har da yara masu tafiya makaranta. A Anacha kuwa, cikin Oktoban 2019, tankar ta faɗi ne a Upper Iweka, man ya bi lambatu, wutar ta bi man har cikin kasuwar Ochanja ta cinye shaguna. 'Yan kasuwar nan suna zaune a rumfunansu wutar ta iske su. Me za a ce da su? Wa ya aike su?

Ya kamata mu fahimci abin da ake ratsa mu da shi. Ruwan fetur ba shi ne ke fara kamawa ba, tururinsa ne, kuma fetur yana fitar da tururin da zai iya kamawa ko a sanyin da ya fi na firji nesa ba kusa ba, balle a zafin Haɗeja ko Sakkwato. Tururin nan ya fi iska nauyi, don haka ba ya tashi sama ya watse, kwanciya yake yi a ƙasa, ya bi kwata, ya bi kwalbati, ya gangara duk inda ruwa zai gangara. Mutum yana iya kunna ashana a zauren gidansa, nesa da inda tankar ta faɗi, wutar ta bi tururin ta koma har gindinta cikin ƙiftawar ido. Bokitin ƙarfe ya gogi kwalta, ko a tayar da babur, ko a ja janareta, kowanne ya isa. A jagorar da 'yan kwana-kwana ke aiki da ita a Amurka da Kanada, idan tankar fetur ta kama da wuta ana kore jama'a har nisan mita 800 ta kowace fuska. Ka auna mita 800 daga bakin titi a Majiya, ko Tafa, ko Mararrabar Jos, ka ga abin da zai rage na garin. Sannan ruwa ba ya kashe wutar fetur, ƙara yaɗa ta yake yi, sai da kumfa ta musamman. Ƙananan hukumomi nawa ne a Arewa ke da motar kashe gobara mai aiki, balle kumfa?

Nauyin ma abin dubawa ne. Lita 60,000 ta fetur ta haura tan 40, ban da nauyin motar kanta. Kuma ruwa ba buhun masara ba ne da zai zauna inda aka ajiye shi. Direba ya taka birki, man ya yi gaba. Ya karya kwana, man ya yi gefe ya ja motar. A hanyar da ta farfashe, gefen kwalta ya zaizaye, taya ɗaya ta sauka ƙasa, shi ke nan an gama.

Akwai dalilin da ya sa tankokin suka yi mana yawa haka, kuma ba tun asali haka abin yake ba. An shimfiɗa bututun mai na sama da kilomita 5,000 a ƙasar nan, an buɗe matatar Kaduna a 1980, an gina daffo-daffo a Kano da Gusau da Jos da Gombe da Maiduguri da Yola da Minna da Suleja. Tsarin shi ne mai ya zo ta ƙarƙashin ƙasa har daffo irin na Hotoro da ke Kano, tanka ta ɗauka daga nan ta kai gidan mai, tafiyar awa ɗaya ko biyu. Da fasa bututu da sakaci suka kashe wannan tsari, matatar Kaduna ta yi shiru, sai kusan duk litar da za a sha a Arewa ta koma hawa kwalta tun daga Legas ko Warri ko Fatakwal ko Kalaba. Daga Legas zuwa Kano tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, zuwa Maiduguri kuwa ta haura 1,500. Duk garin da ke kan hanya, Jebba da Mokwa da Bida da Lambata da Suleja da Kaduna da Zariya, ya zama zangon tankoki ba tare da an taɓa neman shawarar mutanensa ba. Wato gazawar hukuma ce aka kwashe aka jibge a ƙofar gidan talaka.

Na san za a ce ai akwai dokoki. Akwai. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana da jami'an da ke duba tanka a daffo kafin a yi mata lodi. An wajabta na'urar taƙaita gudu ga motocin haya da na kaya. An sha ba da wa'adi a kan murfi da bawul ɗin da ke hana mai zuba idan mota ta kife. Bayan Dikko, hukumar NMDPRA mai kula da sufuri da sayar da mai ta hana yi wa tankokin lita 60,000 lodi daga 1 ga Maris na 2025, kuma wannan mataki ne mai kyau, ban raina shi ba. Har ma a 2018 Najeriya ta shiga yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da ake kira ADR, wadda aka ƙulla a Turai tun 1957 a kan safarar kaya masu haɗari ta hanyar mota. Ita ce ta tanadi allon nan mai ruwan lemo da ake liƙawa gaba da bayan mota, mai lambobin da ke gaya wa ɗan kwana-kwana abin da ke ciki, misali 1203 na nufin fetur, 1202 na nufin gas ɗin mota, wato dizal. Ita ce ta ce direban irin wannan mota sai ya yi horo na musamman ya samu takarda ta daban. Ka tsaya a Unguwa Uku ko Kwanar Dangora na awa ɗaya ka ƙirga tankokin da ke ɗauke da wannan allo.

Amma ko da an bi waɗannan duka, akwai giɓin da ba su toshe ba. Kusan dukkansu a kan lafiyar motar da direban suke magana. Maganar inda motar za ta bi, da lokacin da za ta bi, da inda za ta kwana, ita ce aka bari a hannun direba da maigidansa. Ni kuwa a ganina nan ne gizo ke saƙar. Motar da ta fi kowace lafiya tana iya faɗuwa. Abin da ke mayar da faɗuwar mota ya zama jana'izar gari guda shi ne wurin da ta faɗi.

Sifaniya ta koyi wannan darasi da tsada. A ranar 11 ga Yulin 1978 wata tanka da aka yi wa lodin gas fiye da kima ta bar babbar hanya ta bi tsohon titin bakin teku mai ratsa garuruwa, ta fashe daidai wani sansanin masu hutu da ake kira Los Alfaques, sama da mutum 200 suka mutu. Bayan nan aka tsaurara doka, aka kawar da irin waɗannan motoci daga ratsa cikin garuruwa. Kusa da mu, a Ghana, cikin Janairun 2022 motar da ke ɗauke da nakiyar haƙar ma'adinai ta yi karo da babur a ƙauyen Apiate, ta tarwatse, mutum 13 suka mutu, ƙauyen ya zama kufai. Gwamnatin Ghana ta ci kamfanin da ke da nakiyar tarar dala miliyan 6. Na kawo wannan ne saboda ba fetur kaɗai ke bi ta gabanmu ba. Akwai tankokin gas ɗin girki, da sinadaran masana'antu da na majemu, da nakiyar masu fasa dutse, kuma mai shayin ƙofar gidanmu ba ya iya bambance su da motar ruwa. 'Yan'uwanmu na Nijar ma sun ɗanɗana, a Mayun 2019 tanka ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai, aƙalla mutum 55 suka mutu a daren.

Abin da nake nema a wurin gwamnonin Arewa da majalisun jihohi shi ne doka mai sauƙin fahimta: duk motar da ke ɗauke da mai, ko gas, ko sinadari, ko nakiya, wadda wucewa kawai za ta yi, ba ta da hurumin shiga cikin gari matuƙar akwai hanyar zagaye. Wadda za ta sauke kaya a cikin gari kuwa, a zana mata titunan da za ta bi, a rubuta a takardar lodinta, a kuma hana ta motsi lokacin tafiya makaranta da tashi, da lokacin sallar Juma'a, da ranar da kasuwar garin ke ci. Kada a ce min ba za a iya ba. A Janairun 2013, cikin 'yan kwanaki bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnatin Kano ta hana goyo a babur, sana'ar acaɓa da dubban mutane ke ci da ita ta tsaya cak. Hukumar da ta iya hana ɗan acaɓa bin titi, take kama mai adaidaita sahu a kan kwali, ba za ta ce tanka ta gagare ta ba, sai dai idan mai tankar ne ya fi ƙarfinta.

To, amma garuruwan da ba su da hanyar zagaye fa? Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a kan abin da nake faɗa, kuma ba zan yi kamar ban gan ta ba. Majiya ba ta da baifas. Yawancin garuruwanmu titin ne ya raine su, kasuwa da tasha da masallaci duk a bakinsa suke, wanda ya ce a ɗauke titi ya ce a ɗauke abincin mutane. A irin waɗannan wurare abin da za a iya yi yau shi ne a daure gudun babbar mota tun kafin ta shigo gari, a gyara gefen kwalta da kwanar da kowa ya san motoci na faɗuwa a cikinta, a matsar da masu tuya da masu tsire baya kaɗan ta hanyar ba su wuri, ba ta hanyar kifar musu da kasko ba. Sannan idan za a kashe kuɗin hanya, zagaye garuruwan da tankoki suka fi ratsawa ya fi wata gadar sama a tsakiyar babban birni amfani. Baifas ɗin gabashin Kaduna an fi shekara ashirin ana aikinsa.

Kuma mu ma da namu laifin a nan, mu da masu raba filaye. Baifas ɗin yammacin Kaduna an yi shi ne don manyan motoci su kauce wa gari, yau ya zama tsakiyar gari. Na gabashin Kano, daga Hotoro zuwa Mariri da Unguwa Uku, haka ya zama. Da an gama kwalta sai a yanka filaye har bakinta, a sayar, a sa hannu a takardun gini, gidan mai ya jingina da makarantar Islamiyya, shagon ɗura gas ya jingina da shagon aski. A Sabon Tasha da ke Kaduna, cikin Janairun 2020, fashewar gas a irin wannan shago ce ta yi ajalin mutane, cikinsu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa. Duk dokar da ta kori tanka zuwa bayan gari ba ta hana gini a bakin sabuwar hanyar ba, shekara goma kawai ta saya mana.

Ba na son a karanta wannan a ɗauka direbobin tanka nake zagi. Ƙanin mahaifiyata ya yi shekaru yana jan tanka kafin idonsa ya raunana, kuma daga bakinsa na san abubuwa da yawa. Yakan ce, ɗana, babu direban da ke son kwana a cikin gari da mai a bayansa, tsoro ne ke kawo mu. Idan ya tsaya a daji 'yan fashi ko masu garkuwa da mutane su same shi, ko ɓarayi su huda tankin, in ya isa aka auna aka ga ya yi ƙasa a cire a kuɗinsa. Don haka yake neman inda akwai haske da mutane da abinci, ya faka a bakin titi tare da sauran 'yan'uwansa, tanka hamsin a jere, mai shayi yana hura wuta a tsakaninsu. Ya gaya min yadda ake biyansu da yawan sawu, yadda maigida ke bugo waya yana tambayar me ya tsayar da shi, yadda barci ke cin ƙarfin mutum har ya miƙa wa yaron mota sitiyari, yadda zai ce taya ta suɗe a ce masa ya lallaɓa ya dawo tukuna. Wanda zai hana wannan mutumin kwana a cikin gari, wajibi ne ya gina masa garejin kwana a bayan gari, mai katanga da tsaro da ruwa da masallaci da kayan kashe gobara. Jihohi za su iya, kuma direbobin za su biya kuɗin shiga da daɗin rai, don abin da suke rabawa a shingayen hanya ya fi haka.

Wannan ne ya kawo ni kan maigida. A duk haɗurran nan, sunan garin muke ji, da adadin mamata, wani lokaci a ce an kama direba. Mai motar da mai man da daffon da ya yi lodin ba a cika jin ɗuriyarsu ba. Gwamnati ce ke biyan kuɗin asibiti, attajirai da 'yan siyasa su kawo gudummawa, a raba wa iyalai, a yi addu'a, a watse. Muddin haka ake yi, babu abin da zai sa mai mota ya sayi sabon murfi ko sabuwar taya. A wajabta wa kowace tanka inshora ta gaske, wadda za ta iya biyan diyyar rai da gida da shago, ba takardar da ake nuna wa jami'i a hanya ba. A rubuta sunan mai ita da lambar wayarsa ɓaro-ɓaro a jikinta. Daffon da ya yi wa motar da ke yoyo lodi a haɗa da shi a shari'a. Ranar da kamfanin inshora ya san shi zai biya, shi da kansa zai riƙa leƙa ƙarƙashin motar kafin ta tashi. Za a ce wannan zai ƙara wa mai tsada, kuma ƙungiyoyin masu tankoki da direbobi suna iya tsayar da aiki ƙasa ta tsaya. Haka ne, suna da wannan ƙarfin, shi ya sa dole a zauna da NARTO ta masu motocin sufuri, da reshen direbobin tanka na NUPENG ta ma'aikatan mai, da IPMAN ta dillalan mai masu zaman kansu tun daga farko. Amma tsadar da ake gudu ai ana biyanta yanzu ma, mutanen bakin hanya ne ke biya da rayukansu.

Na dawo kan masu ɗiba, don ba na son in bar su da kalmar kwaɗayi kawai. Kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, a farashin gwamnati litar fetur ba ta kai naira 200 ba. Lokacin da tankar Majiya ta faɗi ta haura naira 1,000. Jarka ɗaya mai lita 25 ta fi kashi ɗaya cikin uku na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, wanda ma yawancin mutanen karkara ba sa samu. Saurayin da ke da babur ko injin ban ruwa, ya ga wannan yana kwarara a kwata cikin dare, wa'azin rediyo kaɗai ba lalle ya riƙe shi ba. Abin da zai riƙe shi mutum ne da yake jin nauyinsa, tsaye a wurin. Jami'an tsaro kaɗan ne, kafin a kawo ƙari an makara. Waɗanda ke wurin tun minti na farko su ne mai unguwa, da liman, da 'yan sintiri, da 'yan agaji, da shugabannin tasha. Su ya kamata a horar a kowane gari da ke kan hanyar tankoki: a ba su igiya da usur da lambar da za su kira a ɗauka, a koya musu su tare hanya daga nesa, su sa a kashe duk wata wuta da janareta, su toshe kwata da ƙasa don kada man ya shiga unguwa, liman ya hau lasifikar masallaci ya ce kowa ya ja baya. Wannan ba ya buƙatar kasafin biliyoyi, shugaban ƙaramar hukuma da hakimi za su iya fara shi cikin wata guda.

A unguwarmu mun fara da abin da hannunmu zai kai. Mun je wurin mai unguwa, an yi magana da malamin makarantar allo ya mayar da wutar almajirai bayan gida, mai awara ta matsa cikin lungu, an tara yashi a buhuna kusa da bakin kwalbatin. Mun kuma rubuta takarda zuwa ga ɗan majalisar jiha mai wakiltarmu, magidanta suka sa hannu, muna roƙon ya gabatar da ƙudurin hanya da lokaci da wurin kwanan tankoki. Mai tsiren dai ya ce ba zai matsa ba sai an nuna masa inda zai koma, kuma ban ga laifinsa ba, don da tukubar nan yake ciyar da mutum tara. Jiya da na fito sallar asuba na ƙirga tanka huɗu a fake daura da ita, garwashin daren bai gama mutuwa ba.